Yakuwa Shida a Ɗakin Wanki

Karatu ne ya kai ni Greensboro ta ƙasar Amurka a tsakiyar shekarun 1990, digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Aikina daga safe zuwa yamma zama ne a gaban kwamfuta da jadawalin alƙaluma. A cikin birnin Kano na tashi, tsakar gidanmu shafe take da siminti, ban taɓa riƙe fartanya da niyyar aiki ba. Amma Hausawan da na tarar a garin, yawancinsu mutanen Nijar masu aiki a masaƙu da rumbunan ajiye kaya, kalmar noma kawai suka ji a cikin sunan karatun nawa. Sai suka laƙaba mini Malamin Gona. Ban taɓa gyara musu ba. Gaskiya daɗin sunan nake ji.

A cikinsu akwai wani mutumin Maraɗi da muka saba a masallacin Juma'a, har ya zama abokina na kusa. Yana haya a gabashin gari, ba nisa da jami'armu, wani ɗan gidan katako mai baranda ta baya. Duk ranar da na gaji da burodi da ƙwai, gidansa nake zuwa in ci tuwo. Da matarsa ta haihu, sai ya sa aka kawo mahaifiyarsa daga gida don ta taya ta jego. Kowa Hajiya yake ce mata, shi kaɗai ke kiranta Inna.

Gajeriyar tsohuwa ce, ta kai shekara saba'in, ba ta da yawan magana. Ko a tsakiyar zafi sai ka gan ta da rigar sanyin ɗanta a kan atamfa, saboda ta ce iyakwandishan yana shiga mata ƙashi. Ba ta jin Turanci, ba ta damu da talabijin ba. Idan jaririyar ta yi barci, barandar baya take fita ta zauna da carbinta.

Ashe ta taho da gurguzu, wato irin yakuwa, ƙulle a bakin wani tsohon ɗankwali. Bai fi ƙwaya goma sha biyu ba. Ta gaya mini cewa daga hannun mahaifiyarta ta gaji irin, daga wani ƙauye a arewacin Maraɗi, kuma tun tana amarya take shuka shi duk damina a bayan ɗakinta. Zoɓonsa ba irin na kasuwa ba ne, in ji ta, jansa har yana komawa baƙi, ƙwaya kaɗan ke rina tulu guda. Shekarar da za ta taho ɓeraye suka shiga tukunyar da take ajiya, abin da ta tsira da shi ke nan, kuma ba ta yarda ta bar shi a hannun kowa ba.

Ɗanta ya samo mata fararen bokitan fenti guda shida, ya huda gindinsu da ƙusa, ya cika su da ƙasa. Shida ne suka tsiro, ɗaya a kowane bokiti. Damunar garin ta karɓe su. Kafin ƙarshen watan Agusta sun kai ni ƙirji, jajayen rassa, ganye kore shar mai yatsu kamar tafin hannu. Duk wanda ya zo gidan sai an kai shi baranda ya gani. Wani direban babbar mota ɗan Damagaram na ga ya tsinki ganye ɗaya ya tauna, ya juya baya yana goge ido.

Sai dai ba su fara fure ba sai da Oktoba ta kama. Furen fari-fari ne mai jan ciki, ya buɗe da safe, kafin la'asar ya rufe, bayan kwana biyu ya faɗi ya bar ɗan jan ƙoƙo a jikin reshe. Wannan ƙoƙon shi ne zoɓon, a cikinsa kuma irin ke nuna. Hajiya tana da buri biyu. Azumi a tsakiyar hunturu yake faɗowa a shekarun nan, tana so ta jiƙa wa jama'a zoɓon gida su yi buɗa-baki da shi. Na biyun ya fi na farko girma a wurinta: ta sami sabon iri, ta bar wa surukarta rabi, ta koma gida da rabi.

Wata ranar Alhamis da yamma abokina ya buga mini waya.

"Malam, masu hasashen yanayi sun ce jaura mai ƙona shuka za ta sauka kafin Asabar. Inna ta hana kanta sakat. Zo ka duba mana abin nan, fanninka ne."

Na je. Muka ɗauke bokitan ni da shi, ɗaya bayan ɗaya, muka shigar da su ɗakin wanki da ke bayan kicin. Ƙaramin ɗaki ne, injin wanki a kusurwa, taga ɗaya ƙarama mai kallon gabas. Hajiya tana biye da mu tana tare rassan da hannu kada su goga a ƙofa. Da muka gama, na tsaya na riƙe ƙugu na dubi ɗakin kamar wanda ya san abin da yake dubawa.

"Haske ya yi kaɗan," na ce. "Sai an sa musu fitila."

Wannan kam gaskiya ne, tagar ba za ta ishe su ba. Abin da ya biyo baya ne ba ni da masaniya a kansa. Na taɓa jin wani ɗan ajinmu yana cewa yana rainon dashen tumatir a ɗakinsa da fitila awa goma sha takwas a rana. Iyakar ilimina ke nan. Washegari na shiga kantin kayan gini na sayo fitilu biyu irin waɗanda magina ke aiki da su, masu doguwar ƙafa, masu haske kamar walƙiya da zafi kamar garwashi. Na haɗo da ɗan agogon da ake maƙalawa a soket, mai kunna wuta ya kashe da kansa. Na kafa fitilun a kan yakuwar, tsakaninsu da ganyen sama bai fi taƙi ɗaya ba. Na saita agogon awa goma sha takwas.

Hajiya ta leƙo, ta kare idonta da gefen mayafi.

"Ɗana, wagga wuta yaushe take mutuwa?"

Na gaya mata.

"To, ita yakuwar ba ta barci?"

Na yi murmushi. "Hajiya, ai tsiro da haske yake haɗa abincinsa. In hasken ya yi yawa, abincin ya yi yawa, 'ya'yan su yi saurin nuna."

Ta ce, "Mu dai a garinmu, sai an yanke gero, dare ya fara tsawo, sannan take fure. Ni na ɗauka duhun take so."

"Inna, ki bar Malam," in ji abokina. "Abin da ya ƙetaro teku yana karantawa ke nan."

Ta ce to. Ta koma kicin.

Na riƙa zuwa duk bayan kwana biyu. A ƙarshen makon farko ganyen sama suka fara kwaɗewa, korensu ya koma ruwan ɗorawa, wasu har fari-fari. Gefensu ya naɗe sama, idan ka taɓa sai ka ji ƙaras kamar takarda. Sabbin furanni kuma suka daina fitowa. Wata rana na iso bayan la'asar, na tarar da ɗakin da duhu, an zare filogi. Matar abokina ta sunkuyar da kai ta ce Hajiya ce ke zarewa kullum idan ta idar da sallar la'asar, sai da safe ta mayar.

Na sami abin da zan ɗora wa laifi. Na je na durƙusa gaban Hajiya, na yi mata magana cikin ladabi, ladabin da yanzu idan na tuna yake ba ni kunya fiye da a ce tsawa na yi. Na ce kunnawa da kashewar nan ce ke rikita tsiron, shi ya sa ganyen ke canza launi.

"Ɗana, na sa hannuna ƙarƙashin fitilar," ta ce. "Ban iya daɗewa ba. Na ce abin da ya ƙona ni, ita ma yana ƙona ta."

"Fatar mutum daban, ganye daban, Hajiya."

Kafin in tafi na nemi salatif, na naɗe filogin da soket ɗin gaba ɗaya. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallona. A gidan ɗanta, a kan shukarta.

Mako na biyu abin ya ƙara lalacewa. 'Yan ƙoƙunan da ke ƙasan rassa sun tsaya, ba sa ƙara girma. Na zauna a ɗakina na yi ta tunani, sai na yanke cewa manyan ganyen ne ke yi musu inuwa, kuma su ne ke shanye abincin da ya kamata ya tafi ga 'ya'yan. Tunanin ya yi mini kyau ƙwarai. Ban tambayi kowa ba. Ga ɗakin karatu na jami'a cike da littattafai, ga sashen kimiyyar tsirrai a bene ɗaya da namu, amma Malamin Gona ba ya tambaya.

Ranar Asabar abokina da iyalinsa suka tafi suna a Summerfield, gidan wani likita ɗan ƙasarmu. Na ce ina da aikin makaranta, amma zan leƙa yakuwar. Aka bar mini mukulli a ƙarƙashin tabarmar ƙofa. Na zo da hantsi da almakashi a aljihu. Niyyata in cire ƙonannun ganyen sama kawai, da 'yan kaɗan daga cikin manya. Na cire na sama, sai na ga na ƙarƙashinsu sun fito fili suna tare haske. Na cire su. Na ja baya na duba, sai na ga bokitin farko ya fi sauran tsabta, jajayen ƙoƙunansa duk a bayyane. Na shiga na biyu. Ban san lokacin da na ajiye almakashin na koma tsigewa da hannu ba, saboda ya fi sauri. Ɗakin ya cika da ƙanshin tsamin yakuwa, yatsuna suka yi kore. Har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa. Kafin azahar na cika babbar robar wanki da ganye, yakuwa shida kuma suna tsaye tsirara, jajayen sanduna da 'yan ƙoƙuna maƙale a jiki, sai ganye bibbiyu ko uku-uku a can ƙoli.

Ban tafi ba. Na zauna a falo ina jira su dawo su ga aiki.

Da la'asar suka shigo. Hajiya ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakin wanki, kamar yadda ta saba. Na bi ta a baya ina shirin bayani. Ta tsaya a ƙofa.  Sannan ta shiga, ta kama reshe ɗaya ta shafa shi daga ƙasa zuwa sama.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne, Hajiya. Don hasken ya kai ga 'ya'yan, kuma ƙarfin tsiron duk ya koma kansu."

"Tana goyo," ta ce. "Da mi za ta shayar da ɗiyan?"

Na fara jero mata dalilai, har da kalmomin Turanci da na san ba ta ji. Ba ta katse ni ba. Da na gama, ta sunkuya ta ɗauki robar ganyen, ta ƙi yarda surukarta ta karɓa, ta kai kicin da kanta. Ta zauna a kan 'yar kujera ta ware ƙonannun gefe guda, ta wanke sauran. Da magariba aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar yakuwa da gyaɗa. Na ce na ƙoshi.

"Ci, ɗana," ta ce. "Ba a zubar da abinci."

Na ci. Ban taɓa shan miyar yakuwa mai daɗin wannan ba, amma tun a lokacin jikina ya fara ba ni cewa na yi ɓarna.

Kwana huɗu bayan nan ƙoƙunan suka fara zubowa. Kullum da safe Hajiya na tsince su daga ƙasa da cikin bokitai, ta jera a faranti a bakin taga. Na tarar da ita wata rana tana fasa su da farce ɗaya bayan ɗaya. Irin da ke ciki fari ne, laushi, idan ta matsa sai ya fashe ya fid da ruwa. Gurguzun da ya nuna baƙi-baƙi ne, mai tauri. Ba ta sami ko ɗaya ba.

Sai a lokacin na taka zuwa ɗakin gilashin da jami'a ke rainon tsirrai. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce baƙar fata, 'yar asalin garin, wadda ta fi shekara ashirin tana aikin. Na ce mata wani abokina ne ya yi kaza da kaza, na kwashe labarin duka na ba ta, ban rage komai ba sai sunan mai laifin. Tana juye ƙasa a tukwane tana saurare.

Ta tambaye ni lokacin da tsiron ke fure a ƙasarmu. Na ce bayan girbi. Ta ce to ai shi ke nan, irin tsiron da ke jiran dare ya yi tsawo ne, wanda ya ba shi hasken awa goma sha takwas ya gaya masa cewa damina ta dawo, ya daina fure. Ta ce fitilar magina ba ta tsiro ba ce, kuma kowace irin fitila ce, mutum ya sa bayan hannunsa daidai kan ganyen sama, in bai iya jurewa ba, to tsiron ma bai iya ba. Game da ganyen kuwa, sai da ta ajiye tukunyar hannunta ta dube ni. Ta ce idan tsiro ya ɗauki 'ya'ya, ba a cire masa ganye sai wanda ya mutu, ko ɗaya biyu da suka toshe iska, shi ma ba rana ɗaya ba, domin ganyen ne ke ciyar da 'ya'yan.

"Akwai abin da za a iya yi yanzu?" na tambaye ta.

Ta ce a ɗaga fitilun sama sosai, a rage awannin su koma goma ko sha ɗaya, a rage ban ruwa tunda babu ganyen da zai sha, sannan a ƙyale su. Wataƙila su yi sabon toho. Iri kam, ta ce abokin nawa ya haƙura da na bana.

Na fito na zauna a kan wani benci. Duk abin da matar nan ta faɗa, babu wanda Hajiya ba ta riga ta gaya mini ba.

Da yammar ranar na je gidan. Na ɓare salatif ɗin, na ja fitilun baya na ɗaga su har kusa da silin, na mayar da agogon awa goma sha ɗaya. Abokina ya tambaye ni dalili. A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, ga shi ga mahaifiyarsa, ba wani baƙo a wurin. Sai na ji bakina yana cewa yanzu an shiga mataki na biyu, dama haka tsarin yake. Na ƙara da cewa busasshiyar iskar hita ce ta zubar da 'ya'yan, gidajen Amurka ba su dace da shukar ƙasarmu ba. Abokina ya gyaɗa kai, ya ce lallai hitar nan ko mutum tana busar masa da hanci. 

Biyu daga cikin shidan sun yi ɗan toho, ƙananan ganye kamar kunnen ɓera, sannan suka tsaya. Kafin ƙarshen Disamba duk sun bushe. Abokina ya fitar da bokitan ya jera a bayan gida, ruwan sama ya cika su ya daskare.

Da azumi ya zo, matar abokina ta samo busasshen zoɓo a wani kantin 'yan Meziko. Hajiya ce ta jiƙa shi da citta da kanumfari. Ranar da na je buɗa-baki, ni ta fara miƙa wa kofi. Wani daga cikin baƙin ya ce zoɓon ya yi daɗi, kamar a gida. Ta ɗaga nata kofin ta duba a hasken fitila, ta ce, "To, ja ne dai."

Bizarta ta ƙare a farkon bazara. Ana gobe za ta tafi na je sallama, na same ta ita kaɗai a barandar baya. Ta ba ni ƙullin yaji da ta daka da hannunta, ta yi mini addu'ar gama karatu lafiya da samun mace tagari. Na daɗe ina juya ƙullin a hannuna.

"Hajiya, zancen yakuwar nan..."

"Allah bai nufa ba, ɗana."

Da wannan maganar ta buɗe mini ƙofar fita, ni kuwa na bi ta da gudu. Na ce haka ne, Allah bai nufa ba. Muka koma zancen jirgi da tsawon tafiya.

Bayan ta koma, abokina ya gaya mini ta sa an kai ta har ƙauyen mahaifiyarta neman irin. Waɗanda ta sani da shi sun rasu ko sun tashi, matasan kuma na kasuwa suke shukawa. Wata ƙanwarta ta ba ta wani, ta shuka, ya fito ja mai haske. Da ya ba ni labarin, cewa na yi Allah sarki, na sauya zance.

Shekara biyu bayan haka ta rasu. Lokacin na gama digirin, ina ɗan aiki a jami'ar kafin in koma gida. Aka yi zaman makoki a gidan abokina, mutane cike da falo har baranda. A rana ta uku, da jama'a suka ragu, na ja shi gefe muka tsaya a kicin. Na gaya masa komai: cewa ban san komai game da shuka ba, cewa fitilata da almakashina ne suka kashe yakuwar, cewa zancen hita da mataki na biyu ƙarya na yi.

Ya saurare ni har na gama, idonsa jajur saboda kwana uku na karɓar gaisuwa.

"Ai ta sani, Malam," ya ce. "Ranar da ka ɗaga fitilun, kana fita ta ce mini, abokinka ya je ya tambayo. Na ce bari in yi maka magana, ta hana ni. Ta ce yaro ne baƙo a ƙasar mutane, ba shi da kowa sai mu, in aka kunyata shi zai daina zuwa cin abinci."

Na tsaya ina kallon tukwanen da ke kan murhu. Ina so in ce ya yafe mini a madadinta, amma na san ba hakkinsa ba ne, kuma ban ga dalilin ɗora masa wani nauyi a ranar ba. Matarsa ta leƙo ta ce akwai wasu mata biyu da suka zo gaisuwa daga Sedgefield, wanda ya kawo su ya wuce wurin aiki, ba su da motar komawa. Na ce zan kai su. Na ɗauki mukullin motata muka fita.